Hagun Muniru

Muniru bahago ne. Haka Allah Ya halicce shi, amma sai da ya haura shekara talatin a duniya kafin ya yarda a gani, kuma ranar da aka gani ba ta amfani kowa ba. A Nima aka haife shi, cikin zangon Accra. Mahaifinsa ya rasu yana rarrafe, sai ƙanen mahaifiyarsa, wani tela mai suna Wahabu, ya ɗauki riƙonsa. Kawu Wahabu ba mugu ba ne, kuma wannan ne ya fi ƙona rai a labarin. Ya ciyar da yaron, ya tufatar da shi, ya sa shi makarantar allo da ta boko. Sai dai tun ranar da ya ga yaron ya kai hagu cikin kwano, ya ɗauki hannun nan abokin gaba.

A hana yaro ci da hagu, a hana shi miƙa wa babba abu da hagu, wannan kowa ya yarda tarbiyya ce. Kawu bai tsaya nan ba. Shara da hagu, duka. Jifan mangwaro da hagu, duka. Da katakon awon yadi yake sauke masa a bayan hannu, in abin ya ƙi sai ya ɗaure hannun a ƙugu da ƙyallen atamfa har azahar. "Hannun tsarki ne," haka yake cewa, "ba a nuna shi a gaban mutane." Yaro ya tashi yana jin kunyar hannunsa kamar yadda wani ke jin kunyar ɗan'uwa ɓarawo. Cikin mutane hannun dama ke masa aiki. In ya keɓe a bakin teku kuwa, da hagu yake ta jifan ruwa da duwatsu har kafaɗa ta gaji.

Kawu ya riga shi zuwa Landan, ya kafa kekensa a wani ɗan shago kusa da tashar Seven Sisters, yana ɗinka wa 'yan zango kayan suna da na salla. A 1982 ya aika Muniru ya zo, ya sama masa aikin wanke-wanke da feraye a kicin ɗin wani otal a Marylebone. Shugaban kicin ɗin wani Ba'amurke ne mai jan wuya, Haskell, tsohon kukun soja da ya auri Baturiyar Ingila ya zauna. Wata rana ma'aikata na shan iska a bayan kicin, sai ga ɓera yana tafiya a kan katanga can ƙarshen farfajiya, hankalinsa kwance kamar shi ke biyan haya. Muniru ya ɗauko ruɓaɓɓiyar albasa da hagu, ya tuna akwai idanu, ya mayar da ita hannun dama, ya sake ta. Ɓera ya faɗa bayan katanga. Haskell ya cire sigari daga baki ya tambaye shi abin da yake yi ranar Lahadi.

Ashe mutumin koci ne na wani ƙaramin kulob na besbol mai suna Herons, da ke wasa a fadamar Tottenham, bakin kogin Lea. Wasan ba shi da wuyar ganewa. Mutum ya tsaya kan ɗan tudu ya jefa ƙwallo mai tauri, wani na tsaye da kulki yana son ya doke ta, bayansa kuma wani na tsugune da safar fata yana tarewa. In mai kulki ya doka, sai ya zagaya kusurwa uku a guje ya dawo gida, an ci ɗaya ke nan. In ya kuskure sau uku, ya fita.

Ranar farko Haskell ya zazzage buhu, ya ɗago safa biyu, manya kamar faifai. Mai jifa da dama a hagu yake sa safa, mai jifa da hagu kuma a dama.

"Wane hannu?" in ji Haskell.

"Dama," in ji Muniru, ko numfashi bai ja ba.

"Kash. Da bahago ne kai da na yi maka yanka." Ya jefa ɗayar safar cikin buhu.

Muniru ya yi dariya, a zatonsa zolaya ce irin wadda ya saba ji tun yana yaro. Wa zai yi wa bahago yanka? Ya sa safarsa a hagu, ya ma ji daɗi an rufe hannun.

Ya koyi jifa da sauri, amma hannun aro hannun aro ne. Ƙwallonsa tana zuwa inda ya aike ta, sai dai ba ta da zafin da za a ba shi wasa tun daga farko. Abin da yake da shi sanyin zuciya, ko filin zai kama da wuta ba ya rawar jiki. Don haka Haskell ya mai da shi abin da suke kira rilif. Wasa zagaye tara ne. Akwai mai jifa na farko, shi ne ango, shi ake ɗauka hoto. Sai ango ya gaji, ya jagwalgwala wasa, abokan hamayya sun cika kusurwa uku suna jiran bugu ɗaya su kwararo gida, sannan a tuna da irin su Muniru. In ya gyara, nasara ta ango ce. In abin ya rushe a hannunsa, shi ya kayar da kulob.

Mai tare masa ƙwallo shi ne Kambai, mutumin wajen Kafanchan, wanda ya zo karatun injiniya ya maƙale. Daga Thamesmead yake tasowa duk Lahadi, bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa da wata bas, da kwandon ƙarfen da yake rufe fuska a cikin jaka. Su biyu ne kaɗai masu jin Hausa a filin, kuma ba sa rabuwa da tsiya. Kambai na ce masa, "Ku da kuke ce wa mace ya zo, ku ne za ku koya mini Hausa?" Shi ne kuma ya raɗa wa aikin Muniru suna, ɗan kwana-kwana, wanda ba a nema sai gobara ta tashi.

Wurin zaman 'yan kwana-kwana wani lungu ne bayan shingen waya, wanda a Turancinsu ma garken bijimai suke ce masa, ka ji raini. Can Muniru ya yi shekara tara a kan benci mai jiƙaƙƙen katako. Haskell na da wata muguwar ɗabi'a. Da ango ya ɗan yi tuntuɓe sai ya kaɗa hula ya ce, "Muni, tashi." Muniru ya tashi ya yi ta jifa don hannu ya yi ɗumi. Ango ya farfaɗo, sai a ce zauna. Iskar fadama ta daskarar da hannun, can kuma hula ta sake kaɗawa. Akwai Lahadin da zai yi jifan da ya fi na ango yawa a bayan waya, a tashi wasa bai taka tudu ba. Babu mai tafa wa wannan jifa, babu ma mai ganinsa, kuma shi ne ya riƙa cin hannun a hankali.

A masallaci ranar Juma'a 'yan zango na tambayarsa, "Har yanzu kana wasan sandan nan?" Ya ce yana yi. Ba don nishaɗi yake yi ba. Ya ji cewa a Holand ana biyan 'yan wasa, a ba mutum gida, jifa ya zama sana'arsa, ya huta da tukwanen otal. Wannan ne burinsa, bai da wani. Matarsa Shetu, wadda ke sharar ofisoshi, ita ke wanke farin wandon wasa mai jar laka a bahon flat ɗinsu na gidajen gwamnati, tana wanki tana mita. Ita ta san sirrin hannun, don ta sha ganin yana aski da hagu in ya rufe ƙofar banɗaki bai rufu ba, kuma da hagu ya fara cafe 'yarsu Anatu ranar da ta zamo daga kujera.

Kambai ya gano a bazarar 1987. An tashi atisaye, kowa ya watse, Muniru na can ƙarshen fili yana tsintar ƙwallaye. Ya duba bai ga kowa ba, ya cire safa, ya shiga wurgo su wajen bokiti da hagu. Kambai da ya dawo neman fulas ɗinsa ya ga ƙwallo ta keta filin gaba ɗaya ba ta taɓa ƙasa ba. Ya sa safa ya tsuguna.

"Jefo ɗaya, mutumina."

"Bari wasa, Kambai."

"Ɗaya tak. Babu kowa sai ni da tsuntsaye."

Muniru ya waiga hagu da dama, ya hau tudu, ya jefa. Ƙwallon ta taho kamar za ta wuce gefe, sai dab da isowa ta karyo ciki ta faɗa safa da ƙara. Kambai ya zare safar yana hura tafin hannunsa.

"Shekara biyar ina tsugune a gabanka kana jefo mini dankali, ashe wannan na aljihunka? Ka san abin da bahago yake a wasan nan? Masu kulki duk da na-dama suka saba, ƙwallon bahago ta bayan ido take zuwar musu. Masu jifa da hagu duk Landan ba su fi a ƙirga da yatsu ba. 'Yan Holand da fitila suke neman irinka."

"Da hannun tsarki zan tsaya gaban jama'a?"

"Wane tsarki? Mutanen nan da takarda suke gama harkarsu, ina ruwansu da hannunka?"

Muniru bai yi dariya ba. Ya ce shi ba zai zubar da mutuncin wanda ya rene shi ba, ya kuma sa Kambai ya rantse da Baibul ɗinsa cewa maganar ba za ta fita ba. Kambai ya rantse, ya kuma riƙe rantsuwar. Ga riƙon amanar da ya fi cin amana illa, amma haka aka yi. Shekara huɗu suka ƙara, ɗaya na jifa da hannun da ba nasa ba, ɗaya na tarewa yana cizon leɓe a bayan kwandon ƙarfe.

A 1991 ciwo ya sauka tsakanin kafaɗa da gwiwar hannun dama, ciwo mai zurfi, ba irin na tsoka ba. Muniru ya yi ta shafa man zafi har Dakta Zailani, wani likita Bakano da suke sahu ɗaya a masallaci, ya lura yana yamutsa fuska wajen ɗaga hannu a kabbara. Ya sama masa rana a asibiti aka ɗauki hoton ƙashi. Ya ɗaga hoton a taga ya nuna masa wani siririn layi kamar gashi.

"Malam Muniru, ƙashin ya tsage. Ka ajiye jifa bana, ya haɗe da kansa. In ka matsa masa, ba tsagewa zai ƙara yi ba, karyewa zai yi."

A makon ne kuma Haskell ya tara su ya ce Herons sun kai wasan ƙarshe, kuma wani mutum daga wani kulob na Holand zai zo kallo, rilif yake nema. Bahago ya fi so, in bai samu ba zai duba wanda ke akwai. Muniru na da shekara talatin da ɗaya. Ya san ba za a sake zuwa neman ɗan kwana-kwana mai shekarunsa ba.

Shetu ba ta yi kwana-kwana ba. Tana tsaye tana kwashe wake da shinkafa ta ce, "Baban Anatu, hannu ɗaya ya lalace, ɗaya lafiyayye, kuma lafiyayyen ake nema. Ka jefa da hagun mana. Cin abinci aka hana, wa ya hana jifa?"

Muniru ya ce zai je ya ji ta bakin Kawu. Namiji mai mata da 'ya, mai furfura ɗaya-ɗaya a gemu, zai hau bas ya je neman izinin amfani da hannun da ke jikinsa. Shetu ta dangwarar da ludayi ta bar masa kicin ɗin.

Ya sami Kawu a shago, allura a baki, yana haɗa wuyan wata riga. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya zayyana masa komai, hoton ƙashi da baƙon Holand da maganar Kambai. Kawu bai tsayar da keke ba sai da ya kai ƙarshen layi.

"Shetu ne ya sa ka, ko wannan abokin naka?"

"Ni ne, Kawu."

"Kai yaro, wasan banza da ka ɗauka na yi shiru. Yanzu kuma a tsakiyar Turawa za ka tsaya, a ɗauke ka hoto, a ce ga ɗan zango da ba a koya masa hannu ba? In hoton ya je Nima, uwarka ya gani, me zan ce masa? Wahalan da na sha a kanka ya tashi a banza ke nan."

"Kawu, likita ya ce zai karye."

"To ka bar wasan. In kuwa za ka yi, ka yi kamar ɗan mutane." Ya mayar da ƙafa kan keke.

Da Muniru ya yi gardama ko sau ɗaya, da an ce ya gwada. Bai yi ba. Ya ce, "To, Kawu," ya tashi ya fita. Bai gaya wa Haskell maganar ƙashi ba, don ya san za a ajiye shi. Barin wasa ba zai iya ba, saɓa wa Kawu ba zai iya ba, sai ya ɗora wa tsagaggen ƙashi nauyin duka biyun.

Ranar Lahadin wasan an yi rana, abin mamaki a Satumbar Landan. Mutane sun jeru a bakin waya da kujerun naɗewa. Baƙon Holand, wani dogo mai farin gashi, na zaune shi kaɗai bayan mai tarewa. Haskell kuwa ranar ce ɗabi'arsa ta fi tashi. Tun zagaye na huɗu hula ke kaɗawa, tashi, zauna, tashi, zauna, kowane jifa a bayan waya Muniru na jin sa har cikin haƙori. Sai a zagaye na takwas aka kira shi. Herons na gaba da ci ɗaya, kusurwa uku cike, ana bukatar ya fitar da mutum uku.

Kambai ya taho tudu, ya ɗaga kwandon fuskarsa ya yi magana da Hausa. "Akwai safar bahago a buhu. Ka ce to kawai, in ɗauko."

"Koma ka tsuguna."

Muniru ya fitar da mai kulki na farko. Na biyu ya doka ƙwallo sama, aka cafe, shi ma ya fita. 'Yan kallo suka miƙe, baƙon Holand ya gyara zama ya turo hularsa baya. Na uku ya kuskure sau biyu, saura jifa ɗaya. Muniru ya ɗaga ƙafa, ya zuba duk abin da ya rage masa a hannun. Ƙarar da aka ji kamar an karya rake ce, har waɗanda ke bakin waya sun ji ta. Ƙwallon ta gangara gefe kamar yaro ya yar, masu gudu biyu suka shige gida, shi kuma yana durƙushe a kan tudu, hannun na lilo ta inda babu gaɓa.

A bakin motar asibiti Haskell na ta faɗa, me ya sa ba a gaya masa hannun na ciwo ba. Nan rantsuwar Kambai ta ƙare. Ya jefar da kwandon ƙarfe ya ce da Turanci, yadda kowa zai ji, "Mutumin nan bahago ne. Tun haihuwa. Abin da ka gani shekara tara, hannunsa marar kyau ne." Haskell ya waiwayo. Jan wuyansa ya hau har kunne. Ya leƙa cikin motar ya ce, "Na tambaye ka. Ranar farko na tambaye ka." Muniru ya juya fuska wajen bango, aka rufe ƙofa.

Ƙashi ya haɗe da ƙarfe da ƙusoshi, amma da ya karye ya datse wata jijiya, ita kuwa ba ta dawo ba. Tsintsiyar hannun dama ta saki. In ya miƙa hannun, tafin sai ya rataye ƙasa, yatsun ba sa buɗewa sai an buɗe su. A gadon asibiti wani abu ya ƙone a zuciyar Muniru, kunyar nan ta shekara talatin ta tafi, haushi ya zauna a wurinta. Bai sake zuwa neman izinin kowa ba. Duk hunturun nan shi da Kambai suna wani zauren wasanni na makaranta, yana jifa da hagu, Kambai na gangaro masa ƙwallo a ƙasa ya ɗauka.

Baƙon Holand mutumin kirki ne, labarin ya tsaya masa a rai, ya dawo a watan Maris don ya gani da idonsa. Muniru ya cusa hannun dama cikin safar bahago, ya jefa. Mutumin ya miƙe tsaye. Ya jefa ta biyu, mai karyowa, mutumin ya faɗi wata kalma da yarensu ya dafe kai. Ya ce a ci gaba, amma yanzu kamar a wasa, mai tarewa ya riƙa mayar da ƙwallo ta sama. Kambai ya wurgo a hankali. Muniru ya ɗaga safa, tsintsiyar hannu ta saki, safar ta sunkuya, ƙwallon ta buge shi a ƙirji. Aka sake, safar ta zame ta faɗi ƙasa gaba ɗaya. Mutumin ya ɗauki kulki ya ɗan turo ƙwallo wajen tudu, irin wadda kowane mai jifa ke tsinta yana hamma, ta bi ta ƙarƙashin safar ta wuce.

Mai jifa ba jifa kaɗai yake yi ba, rabin aikinsa tarewa ne, kuma bahago da hannun dama yake tarewa. Mutumin ya zo ya dafa kafaɗarsa. Ya ce a shekarunsa na yawon neman 'yan wasa bai ga hagu irin wannan a Turai ba, amma in ya tsayar da shi a tudu, ƙwallon farko da aka doko masa za ta fasa masa fuska. Ya ba shi haƙuri, ya tafi kama jirginsa. Kambai ya zauna a ƙasan zauren ya yi kuka kamar shi aka kora. Muniru ya tattara ƙwallaye ya zuba a bokiti.

Aikin kicin ma ya ƙare, don ba a ɗaga tukunyar otal da hannu ɗaya. Ya sami gadin wani wurin ajiye motoci a Edmonton, yana zaune cikin akwatin gilashi yana ɗaga wa motoci sanda. Haskell ya koma ƙasarsu. Herons suka watse bayan 'yan shekaru, filin ya koma na masu yawo da karnuka. Kambai na zuwa daga Thamesmead wani lokaci su ci tuwon Shetu, su yi hirar komai ban da wasa. Da Kawu kuwa ba a yi faɗa ba. Ya zo asibiti da lemo, ya ce ƙaddara ce, kuma da ma ya ce a bar wasan. Muniru ya ci gaba da gaishe shi duk salla.

A 1998 aka yi wani suna a zauren taro a Tottenham, 'yan zango suka cika, har da baƙi daga Kumasi. Dattawa na jere a kujerun gaba, Kawu Wahabu a tsakiyarsu, ya tsufa, sanda a gefensa. Muniru ya bi layi yana gaisawa yadda ya saba tun bayan karayar. Sai ya kama tsintsiyar hannun dama da hagu, ya ɗago ta, ya sa tafin cikin hannun mutum, don in bai riƙe ba tafin zai faɗi. Wani dattijo daga cikin baƙin, wanda bai san komai ba, ya riƙe hannun ya juya wajen samarin da aka haifa a Landan, masu tsaye hannu cikin aljihu.

"Ku dubi yadda ake gaida manya. Hannu biyu, kai a ƙasa. Shekara nawa a Turai, ladabinsa bai tafi ba. Ɗan wane ne wannan?"

Kawu ya gyara zama, fuskarsa ta washe. "Nawa ne, ni na rene shi. Da bahago ne fa, ba ka ga wahalan da na sha ba. Amma alhamdu lillahi, na gyara shi."

Dattawa suka gyaɗa kai, ana sa wa Kawu albarka. Muniru na tsaye a gabansa, don Kawu ne na gaba a layin gaisuwa. Ya saki tsintsiyar hannun, tafin ya faɗi ya rataye a gaban kowa.

"Ga gyaran, Kawu," ya ce, bai ɗaga murya ba. Sannan ya miƙa masa hannun hagu.

Idanu suka koma kansu, tun daga kujerun gaba har wajen mata. Kawu ya dubi hannun da ke rataye, ya dubi wanda aka miƙo masa. A hankali ya janye hannayensa biyu cikin babbar riga, ya juya ya ce wa na kusa da shi a ba shi ruwa. Muniru bai sauke hannun ba. Yana nan tsaye da shi a miƙe, ana kallonsa, har Shetu ta taso daga cikin mata, ta ratsa tsakiyar maza, ta kama hannun ta riƙe, suka fita neman bas.